Yadda Nake Jona Wutar Motar Kwana a Sansanin Hutu a Amurka

Daren farko da muka sauka a wani sansanin hutu a jihar Texas da motarmu ta kwana, wadda ake kira RV, sau uku wuta tana ɗaukewa. Watan Yuli ne, zafi kamar na Sakkwato a bazara. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, hitar ruwan wanka a kunne, sai uwargida ta jona butar shayi. Ɗif!

"Baban yara, ashe nan ma ana ɗauke wuta?"

Ba kowa ya ɗauke ba, ni ne ban yi lissafi ba. Motarmu mai amp 30 ce, wutar kuma volt 120, idan ka ninka ka samu wat 3,600, iyakar rabonka ke nan. Na'urar sanyi ta kan rufi tana cin amp 13 zuwa 15, hita kusan 12, buta mai wat 1,500 kuma 12 da rabi. Ka haɗa ka gani. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin janareta a gida ya san karatun: ba a kunna dutsen guga da firiji lokaci guda. Yanzu idan za a dafa shayi, sai a kashe hita tukuna. Ni dai ba na son jimillar ta daɗe sama da amp 24.

Manyan motoci masu amp 50 ba su da wannan damuwar. Layi biyu ne ke shiga, kowanne amp 50, wato wat 12,000, fiye da ninki uku na tamu. Filoginsu ƙafa huɗu, namu uku. Akwai guntuwar wayar da ke haɗa filogin amp 30 da soket na 50, kuma tana da amfani, amma kada ka zaci za ta ƙara maka wuta. Amp 30 ɗinka dai shi ne.

Da ka faka, je wurin akwatin wutar da ke kan sanda, ka buɗe murfin, ka kashe bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan lodi ya yi yawa, kafin ka taɓa komai. Dubi soket ɗin da kyau: idan ya yi baƙi ko robarsa ta narke, koma ofis a canza maka wuri, ba abin kunya ba ne. Daga nan ka fara soka na'urar kariya, wadda ke auna wutar ta kuma yanke ta idan ta yi yawa ko ta yi rauni, ka kunna bireka, ka karanta abin da ta nuna. Idan lafiya, sai ka sake kashewa, ka jona wayar mota, sannan ka kunna.

Kada ka yi rowar kuɗin wannan na'ura. Da rana tsaka, lokacin da kowa a sansanin ya kunna sanyi, wuta takan yi rauni, abin da muka sani sarai a gida. Ƙasa da volt 108 injin na'urar sanyi ya fara wahala ke nan, na'urar kariyata kuwa tana yanke wutar da kanta a wajen 104.

Idan kuma za ka sa a yi maka soket na amp 30 a gida, ka tsaya a kan mai gyaran ka gaya masa volt 120 ne. Yana kama da tsohon soket na injin busar da kaya mai volt 240, kuma wanda aka yi wa wannan kuskuren, talabijin da injin ɗumama abinci ne ke fara ƙonewa.