Ɗan tsako ya kasa tsayawa? Duba ƙafar kafin ki sayi magani

Bara waccan na sayi 'yan tsaki talatin, na zuba su a kwali a bayan ɗakina a unguwar Aboabo ta Kumasi, na shimfiɗa musu jarida. Kwana uku, sai ga huɗu sun baje ƙafafu, ɗaya gabas ɗaya yamma, suna jan ciki. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Yaya, fasa musu kafso a ruwa." Na fasa, ko gezau. Ashe santsin jaridar ne ya raba musu ƙafa.

Tun daga ranar, duk wanda ya kwanta sai na ɗora shi a tafin hannu in duba abu biyu: kwanansa nawa, kuma yaya ƙafar take.

In makon farko ne, ƙafafu sun buɗe gefe da gefe, yawanci laifin shimfiɗa ne. Ki kwashe jarida da leda, ki zuba dusar katako mai kauri, busasshiya. Ni daga wajen kafintocin Sokoban ake kawo min buhu. Sannan ki yi masa dabaibayi: ki yanki filasta siririya, ki haɗa ƙafafun biyu a saman yatsu, ki bar tazara daidai yadda lafiyayye yake tsayawa. Kada ki matse. Kullum ki kwance ki duba, kwana uku zuwa biyar. Ruwansa ya zama a marfi marar zurfi, don mai dabaibayi in ya faɗa ciki ba ya iya fita. Uku cikin huɗun nan nawa sun miƙe.

Wajen mako na biyu ko na uku, in kin ga yatsu sun dunƙule ciki yana tafiya a kan gwiwa, ƙarancin bitamin B2 ne. Ki sa bitamin na kaji mai B2 a ruwan sha, ki marmasa masa dafaffen ƙwai, ki miƙe yatsun a kan guntun kwali ki manne da filasta. A yi da wuri, in ya daɗe haka zai zauna.

Ki kuma danna bakinsa a hankali. In yana lanƙwasawa kamar roba, ƙashin ma haka yake, ba ya samun kalsiyam da fosfaras da bitamin D3. Nan ne mu matan zango muke kuskure, kuma abin yana damuna: tsakin masara da dusa da ƙanzon tuwo ba su gina ƙashin ɗan tsako. Yana bukatar abincin 'yan tsaki na buhu, mai furotin kusan kashi 20 cikin 100, da hantsin safe. Amma kada ki ba shi na kajin ƙwai, kalsiyam ɗinsa ya ninka abin da yake bukata kusan sau huɗu, yana lalata ƙoda. Da damshin Kumasi kuwa, ki shinshina buhu kafin ki ɗiba. Ya yi fumfuna, zubar.

Bayan mako shida labari ya canza. Ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, yana ci in kin miƙa masa amma kullum ramewa yake, ki yi zargin cutar Marek. Ba ta da magani, ta ƙurar gashinsu take yaɗuwa, rigakafinta kuma ranar ƙyanƙyasa ake yi. Ki tambayi mai sayarwa ko an yi musu kafin ki biya. Wanda ya kamu, ki ware shi.

In kuwa da yawa suka kwanta lokaci guda, wuya na murɗewa, kashi kore, numfashi da ƙyar, musamman da hunturu, cutar kaji ta Niwkasil ce ake tsoro. Ranar ki nemi likitan dabbobi na gwamnati. Akwai rigakafinta mai suna I-2 da ake ɗigawa a ido, lafiyayyu ake yi wa tun kafin sanyi ya shigo. Waɗanda suka mutu ki binne su da zurfi, kada ki jefa a kwata, kuma ki wanke silifas ɗinki kafin ki taka akurkin maƙwabta.