Yadda Za Ku Shirya Shagon Intanet Kafin Ku Buɗe

Ƴan uwa a nan Damagaram kun yi ta tambayata ta yaya ake farawa. Ga matakan bi da bi.

1. Zaɓi kaya kaɗan da ke hannunka, ko jakunkunan fata ne ko kilishi. Kar ka tallata abin da yake Kasuwar Dole ba ka saro ba.

2. Ware lambar waya ta kasuwanci.

3. Sauke WhatsApp Business, ka sa sunan shago da unguwa.

4. Ɗauki hotuna da hantsi, a inuwa, bisa farin ƙyalle. Ɗinkin jaka ya fito, ƙugiyarta ma ta fito.
Hattara: kar ka ari hoton wani. Launi ya saɓa kaɗan, an dawo ma da kaya ke nan.

5. Rubuta farashi da sefa, da lambobi. Mu a baki mukan ce jika biyar ko dala ɗari, amma baƙo 5000 da 500 yake ganewa.

6. Bayyana hanyar biya: Airtel Money, Nita ko Amana.
Nan aka fi kuka. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai ka ga sun shigo kafin kaya ya fita. Na taɓa asarar takalma ta haka.

7. Tambayo kuɗin ɗan kabu-kabu a cikin gari, da na motar Yamai ko Maraɗi, ka faɗi wanda zai biya.

8. Sa ƙanwarka ta gwada saye daga wayarta, ka gyara inda ta tsaya, sannan ka sanar a Facebook.