Yadda Mai Bi Zai Yafe wa Wanda Ya Cuce Shi, Ya Kuma Nemi Sulhu

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, saboda haka babu mai bin Almasihu da zai ƙare rayuwarsa ba a ɓata masa rai ba, kuma sau da yawa mai ɓatawar na jikinsa ne. Dauda ya yi wannan kuka a Zabura 55, inda ya nuna cewa da maƙiyi ne ya ci mutuncinsa da ya jure, amma amininsa ne wanda suke zuwa sujada tare. Daga nan ya kamata ka fara. Ka durƙusa ka gaya wa Allah abin da aka yi maka dalla-dalla, ko amana aka ci, ko ƙazafi aka yi maka, kada ka ce ba komai alhali zuciyarka tana tafasa, domin ba a yafe laifin da ba a yarda an yi shi ba.

Bayan haka ka ɗauki laifin a matsayin bashi, kamar yadda Yesu ya kwatanta a Matiyu 18. Sarki ya yafe wa bawansa talanti 10,000, bawan kuwa yana fita ya shaƙe ɗan'uwansa bawa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, wato dinari 100 ya haura guminka na wata uku, don haka Ubangiji bai raina asarar da ka yi ba. Sai dai talanti ɗaya kaɗai ya kai wajen dinari 6,000, kuma wanda ya tuna girman abin da aka yafe masa a kan gicciye zai ji nauyin shaƙe wani. Yafiya ita ce ka daina bin wannan bashi da hannunka, ka miƙa shi ga Allah wanda Romawa 12:19 ta ce ramuwa tasa ce. A nan dogara take shigowa, gama wanda bai gaskata Allah zai yi adalci ba, ba zai iya sakin ƙullin da ke ransa ba. Ka ambaci sunan mutumin cikin addu'a, ka ce, “Ya Ubangiji, na bar maka wannan magana,” sa'an nan ka daina baza labarin ga duk wanda ya zauna kusa da kai.

Kada ka yi mamaki idan zafin ya dawo. Ranar Lahadi za ka iya hango ƙeyarsa a layi na biyu gabanka, ƙirjinka ya yi nauyi, waƙar ta maƙale a maƙogwaronka. Wannan bai soke yafiyarka ba, sai dai ka sake miƙa maganar a wurin da kake zaune. Da Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, Yesu ya kai shi ga bakwai har sau saba'in, kuma a ganina sau da yawa laifi ɗaya ne mutum yake yafewa ya sake yafewa har zuciyarsa ta huce.

Yafiya kana iya yin ta kai kaɗai, amma sulhu sai da mutum biyu, shi ya sa da Bulus ya ce a yi zaman lafiya da kowa a Romawa 12:18, ya sa sharaɗin “in mai yiwuwa ne.” Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanyar: ka fara samunsa daga kai sai shi, in ya ƙi ji ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya taurare a kai maganar gaban ikkilisiya. Ka zaɓi lokacin da babu mai gaggawa a cikinku, ka faɗi abu ɗaya da ya faru da yadda ya taɓa ka ba tare da tono na shekarun baya ba, sa'an nan ka yi shiru ka saurara, domin wataƙila kai ma kana da naka. In kai ne mai laifin, Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikonka, wato abin da ka kawo wa Allah, a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Ka ce “na yi kuskure, ka gafarce ni,” ban da kwana-kwana, kuma ka mayar da abin da ka ci, yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin biyan ninki huɗu.

Amincewa kuwa a hankali take dawowa. Yusufu yana da shekara 17 lokacin da 'yan'uwansa suka ƙulla masa sharri har suka sayar da shi a kan azurfa 20, kuma sai bayan shekara 20 da ɗoriya ya sake ganinsu a Masar. Bai bayyana kansa nan take ba, sai da ya gwada su ya ga ɗayansu, Yahuza, ya miƙa kansa a madadin ƙanensu Biliyaminu. Abin da ya hana shi ramuwa yana Farawa 50:20: sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufi alheri. Don haka idan wanda ka yafe wa yana duka ko barazana, ka nisance shi, ka sanar da fasto da hukuma, kada kuma ka je wurinsa kai kaɗai. Idan ƙin sulhu kawai ya yi, ka ci gaba da gaishe shi in kun haɗu, ka riƙa sa sunansa a addu'arka ta safe, ka kuma sanar da dattawan ikkilisiya cewa a shirye kake ku zauna duk ranar da ya amince.