Idan faifan biki ya ƙi shiga Premiere

'Yan'uwa masu tace bidiyo a Zoo Road da kewaye, in an kawo muku tsohon DVD na biki, kada ku jawo shi cikin Premiere, manhajar tace bidiyo, kai tsaye daga faifan. Ku fara kwafe foldar VIDEO_TS gaba ɗayanta cikin kwamfuta. In kwafin ya tsaya a hanya, galibi datti ne ko karcewa. A goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki.

Fayilolin VOB, wato fayilolin bidiyon da ke cikin foldar nan, su ke ba da wahala, wani lokaci hoto ya fito babu sauti. Ku buɗe foldar a HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, kyauta ce, ku mayar da ita MP4. Ku zaɓi Constant Framerate, wato gudun hoto marar canzawa, hoto 25 a sakan tunda tsarin talabijin na PAL muke amfani da shi, don kada baki ya saɓa da murya. Faifan kuma a mayar wa mai shi lafiya, wataƙila shi kaɗai ya rage musu.