Kurakuran da aka fi yi wajen sayen motar shiga daji ta hannu

Yawancin masu neman motar shiga daji ta hannu da tambayar "wacce ce tafi ƙarfi?" suke farawa, alhali abin da ya kamata mutum ya fara tambayar kansa shi ne, ranar da ta tsaya min inda babu kwalta babu gareji, wa zai iya tada ita, kuma da wane kaya. Motar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin tana cin burji da laka to zata tsaya wata rana, ko sunan wane kamfani ne a goshinta.

Kuskuren da yafi yawa shi ne sayen suna. Mutum yaji ance Land Cruiser bata mutuwa, ko Patrol, ko Hilux, shikenan ya rufe ido ya biya. Amma fa kowane suna akwai injina kala-kala a ƙarƙashinsa, wani alheri ne wani kuma ciwon kai. Ɗauki Nissan Patrol Y61 da ta fito a 1997, akwai mai TD42, dizal lita 4.2 silinda shida, wanda ko bel ɗin tayimin bashi da shi haƙoran giya ne ke juya komai, sannan akwai mai ZD30 lita 3.0 wanda na farko-farkonsa suka yi ƙaurin suna wajen lalata fistan. Bodi ɗaya, suna ɗaya, amma ba mota ɗaya bace. Haka wajen Toyota, 1HZ da ake yi tun 1990 ba turbo, famfon mansa ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, baya gudu kam, a hawa sai kayi ta haƙuri da shi, amma kusan duk bakaniken da ya san dizal zai iya buɗe shi ya mayar. 1KZ-TE na tsohuwar Prado da Hilux Surf kuwa yana da daɗin tuƙi, sai dai in ya taɓa yin zafi sosai kan silindarsa na iya tsagewa, kuma mai sayarwa ba zai taɓa ce maka ya taɓa zafi ba. Don haka kafin ka tambayi kala ko shekara, tambayi lambar inji, in ance maka "ai dizal ne" kace wane dizal, ka buɗe bonet ka karanta da idonka a farantin da ke maƙale ko a jikin injin.

Sai masu ɗaukar duk doguwar mota a matsayin motar daji. RAV4 da CR-V motoci ne masu kyau, zasu kai ka kan hanya mara kwalta lafiya lau, amma basu da ƙaramar giya ta 4L, wadda ita ce ke sa mota ta rarrafa a hankali da ƙarfi cikin yashi ko kan dutse ba tare da ka ƙona kuloci ba. Ita kuwa Suzuki Jimny da mutane ke rainawa saboda ƙanƙanta tana da 4L, tana da shasi daban da bodi, aksul ɗinta gaba da baya sanda ɗaya ne. Kuma ko motar tana da 4L ɗin kada ka yarda da fitilar da ta kama a dashbod, fitila ce kawai. Motoci da yawa sun shekara da shekaru a cikin gari ba wanda ya taɓa sa musu oziliri, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, abin da ke shigar da ita ya daskare ba a sani ba. Ka fita da ita kan ƙasa ko yashi, ka sa 4H, wato jan taya huɗu a gudu na yau da kullum, ka ɗan yi tafiya, ka tsaya cak ka sa fri sannan ka shigar da 4L, zaka ji motar ta yi nauyi tana jan ciki, in bata canza ba to da sake. In tayoyin gaba suna da abin murɗawa mai rubutun FREE da LOCK ka murɗa su duka biyu zuwa LOCK tukuna. Sannan ka karya sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali da gilashi a sauke, in kaji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba to gaɓar aksul ta ci. Gwajin nan a ƙasa ake yi fa, motar da ba kullum take aiki da taya huɗu ba in ka kulle ta a kan kwalta kana juyi kai ne zaka ɓata giyar.

Yanzu ga inda nafi son mutum ya daɗe: ƙarƙashin mota. Zaka ga mai saye ya yi minti talatin yana shafa fenti yana danna rediyo yana gwada AC, amma bai durƙusa ko sau ɗaya ba, alhali inji ana sauke shi a sa wani, giyabos ma haka, shasi kuwa in ya ruɓe motar ce ta tafi. Ka tafi da tocila da ƙaramar guduma da tsumman da zaka kwanta a kai, in da rami ko lif yafi. Ka bi shasin tun daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa, ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi garau, wanda tsatsa ta cinye ta ciki kuwa sai kaji dum, wani lokacin ma ɓawo ya zubo maka a fuska. Ka fi matsawa wajen da sifirin ke kamawa, da bayan tayoyin baya, da gefen tankin mai, da ƙarfen da ya gitta a can ƙarshe, nan laka ke taruwa ta riƙe danshi. Tsatsar sama-sama ja wadda bata ci ƙarfe ba ba komai bace. Abin tsoro shi ne baƙin fenti sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota, ba wanda ke yi wa shasi kwalliya haka kawai ana gobe za a sayar, kyan ɗan maciji ne. Haka in ka ga facin walda ko shasin ya ɗan tanƙware, wannan ta sha karo ko ta sha lodi. Kuma babu kamfanin da ya kuɓuta, tsohuwar Land Rover Defender bodinta galibi alminiyam ne sai ka ganta tas daga waje alhali ƙarfen ƙasa da bangon da ke tsakanin inji da direba sun tafi, ita kanta Toyota a 2016 sai da ta amince da sulhu na kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia.

Tunda kana ƙasan, ka kama furofela ka girgiza kaji ko tana wasa, ka duba ƙwallon da ke ƙarshen aksul ɗin gaba in mai sanda ɗaya ce, ɗan maiƙo ba laifi, amma in giris ya narke yana ɗiga baƙi to sil ɗin ciki ya mutu mai ya gauraya da shi. In mai motar ya yarda a kwance noti ɗin da ake zuba man aksul ka tsoma yatsa, in ya fito fari-fari ko toka-toka ruwa ne ya shiga, motar ta sha tsallake rafi ba a canza mai ba. A ciki ma ka ɗaga kafet, busasshiyar laka ko yashi a ƙasan kujera labari ɗaya suke bayarwa.

Wani kuskuren kuma zuwa ka tarar an riga an ɗumama maka inji, mai sayarwa yace maka: "Alhaji ai yanzu na dawo daga wanki da ita." Kai kuma kace toh madalla, gobe da sassafe zan dawo, kar a tada ta. Ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyi, domin inji mai ciwo da safe yake tona kansa. Murɗa makulli ba tare da ka tada ba, duk fitilun dashbod su kama, in ta cek inji bata kama ba sam to mai yiwuwa an cire ƙwan ne. Ka tada ka koma baya ka kalli salansa, hayaƙi shuɗi baƙin mai take ci, fari mai yawa da yaƙi ɗaukewa bayan ta yi ɗumi yawanci ruwa ne ke shiga silinda, baƙi kuma sau da yawa nozul ne ko filtar iska, shi yafi sauƙi a cikinsu. Tana aiki ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ba tare da ka ɗaure ba, in yana ɗan rawa ba damuwa, in kuwa iska na tunkuɗo shi da hayaƙi to ringi ya gaji. Murfin lagireto kuma tun tana da sanyi ake buɗe shi, kada ka kuskura in ta yi zafi, in ka ga kumfa na ta tasowa bata tsayawa ka zargi gasket.

Akwai kuma rigimar tsohuwa ko sabuwa, kuma ɓangarorin biyu duk suna wuce gona da iri. Injinan dizal na zamani irin su D-4D na Toyota suna tura mai ne da matsi da kan kai bar 1,600 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), sun fi ƙarfi sun fi tsimin mai, amma ɗan ruwa ko datti a cikin mai ya isa ya kashe injekta, kuma ba a bakin hanya ake gyara su ba. Haka motocin da ke zaune kan jakar iska maimakon sifirin, irin su Land Rover Discovery 3, daɗin zama kam ba magana, ranar da ta zube ƙasa a daji kuma sai dai a ɗauko ta. Amma wanda ya gudu daga wannan ya je ya kwaso mai shekara talatin wai don bata da kwamfuta, shi ma zai haɗu da wayoyin da suka bushe, robobin da suka farfashe, ga wasu kayan an daina yinsu, ga ba birkin ABS mai hana taya kullewa ba jakar iskar kariya. Ni dai ra'ayina, in tafiyarka nesa da gari ce kuma baka da tabbacin man da zaka samu, nemi dizal mai famfo irin na da ko fetur mara rikici kamar 1FZ-FE ko 1GR-FE, fetur ɗin zai sha mai kam amma baya da tsirfa. In yawancin tafiyarka kusa da gari ce to ta zamanin ma ba laifi, in dai an san tarihin sabis ɗinta, sai ka sayi ƙaramar na'urar OBD2 mai karanta matsalar da kwamfutar mota ta gano ka ajiye a mota.

Motar da aka ɗaga sama aka sa mata manya-manyan tayoyi da winci da fitilu reras, tana burgewa, amma ka sani wanda ya yi mata haka ba masallaci yake zuwa da ita ba, kuma manyan tayoyi suna gajiyar da boris da giya da birki. Wadda take yadda kamfani ya yi ta tafi kwanciyar hankali. Mita kuma kada ka dogara da ita, ana juya ta, dubi robar feda da sitiyari da gefen kujerar direba.

Kayan gyara tun kafin ka biya ake bincikensu ba bayan ka biya ba. Ka ɗauki lambar shasi da ta inji ka tambayi masu sayar da kaya abu huɗu ko biyar, famfon ruwa, kuloci, boris ɗin taya, kik, injekta, in kowa yace sai anyi oda to samfurin bai yawaita a inda kake ba, komai kyanta. Ka gwada lambar shasin da ta takarda harafi da harafi, kuma bakaniken da zai duba maka ya zama naka ne, ba wanda dillali ya kira ba.

Sannan kada ka zuba duk kuɗinka a kan sayen, ka rage na sabis ɗin farko. In injin mai bel ɗin tayimin ne kuma ba takardar ranar da aka canza shi, canza shi kawai, in ya tsinke a dizal fistan ne ke dukan bawul, a injinan dizal na Toyota masu bel ana canza shi ne tsakanin kilomita 100,000 da 150,000 gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Ka sauke duk mai, na inji da giyabos da oziliri da aksul biyu da birki, ka sa sabbin filta da tiyon lagireto. Tayoyi kuma ka karanta lamba huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin sati na 23 a 2018, in sun haura shekara shida ko bakwai ka sa su cikin lissafi ko da zanensu bai cinye ba, har da sifiyar da ke rataye a baya.