Yadda za ki riƙe gida in maigidanki ɗan ƙwallo ne

Shekara tara na yi ina zaman jiran mota a Birnin Kebbi, wato ina auren ɗan ƙwallo, kafin gwiwa ta zaunar da Abban yara a gida. Kwanan nan wata ƙanwata a Jega aka sa mata rana da wani yaro mai buga wa wani kulob a kudu, ta kira ni tana ta murna wai ita kam za ta huta, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na faɗa mata ko zai amfani wata.

Ki fara da sanin jadawalin kakar wasa, dan Allah kar ki ce ke ba ruwanki da ƙwallo. Babbar gasar Najeriya kulob 20 ne, kowanne zai buga wasa 38, 19 a gida 19 a waje, kuma yanzu ana farawa wajen Agusta ko Satumba a ƙare wajen Mayu ko Yuni. Wannan “gida” ɗin ma ba gidanki ba ne, garin kulob ɗin ne, in a Aba yake ko Fatakwal to sai dai ki gan shi in an ba da hutu, kuma tafiyar mota ce ta Koko, Yauri, Kontagora har can, ga halin da hanya take ciki. Ran da jadawali ya fito ki sa ya turo miki, ki samu kalanda ki zagaye ranakun, ki duba ina azumi ya faɗo, ina sallah ta faɗo, in kina da ciki ki ƙirga watan haihuwa. Ni autata sai da ta kwana 11 a duniya kafin ya ganta, ƙaninsa ne ya yi mata huɗuba, kuma da mun lissafa tun farko da ban yi kukan da na yi ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda, su kulob 30 ne a babbar gasarsu amma kowanne wasa 162 yake bugawa a kaka ɗaya, rabi a waje, kusan kullum ana fili daga ƙarshen Maris har ƙarshen Satumba, ga atisayen share fage da suke tafiya Fulorida ko Arizona tun watan Fabrairu. Ana iya musayar ɗan wasa a tsakiyar kaka a ce gobe ya kama hanyar wani gari, matar ce za ta tattara kaya da yara ta bi baya. Sai a 2011 aka ba su damar hutun haihuwa, shi ma bai wuce kwana 3 ba. In masu dala ma haka matansu ke fama, to ke da ke Gwandu ko Argungu sai ki ɗaura ɗamara.

Kafin ya tafi sansani ku zauna ku uku, ke da shi da wanda zai tsaya a madadinsa, ko Hajiyarsa ko yayansa. A faɗa a gaban kowa: in yaro ya kwana da zazzaɓi za ki kai shi asibiti ba sai an same shi a waya ba, an ba ki izinin zuwa gidanku, biki da gaisuwa ga waɗanda za ki je, kuɗin cefane hannunki zai shigo kai tsaye. Wallahi yawancin rigimar da na gani tsakanin matan ’yan ƙwallo da dangin miji daga nan take tasowa, ba a yi magana ba tun farko, sai ya yi nisa kowa ya zama maigida. Ki riƙa kai wa Hajiya yara duk Juma’a ko ba a ce ki kai ba, ita ma ɗanta ta rasa gani.

Sai maganar kuɗi, nan zan daɗe. Kuɗin ƙwallo kamar ruwan damina yake, ya zo da ƙarfi ya ɗauke. Akwai kuɗin sa hannu in ya shiga sabon kulob, akwai albashi, akwai alawus in an ci wasa, amma kar ki taɓa ɗora tukunya a kan alawus. Mu akwai kulob ɗin da ya riƙe masa albashi wata huɗu, ana cewa gobe, jibi, muna ji muna gani har kuɗin makarantar yara ya gagara, sai da na sayar da ’yan kunnena. Daga nan na koyi hankali. Duk ran da alat mai kauri ya shigo, tun kafin ’yan uwa da abokai su ji ƙamshi, a cire kuɗin haya na shekara, a biya makaranta da islamiyya na zango biyu, a sayi shinkafa da gero lokacin kaka da suke araha a ajiye, mu Kabawa ai ba a koya mana wannan. Abin da ya saura a sa a abin da ba ya narkewa, tunkiya, ɗan fili, ko injin ban ruwa a ba wani ɗan uwa mai noman rani a fadama ana raba amfani. Ke ma ki kama sana’a ko ta cikin gida ce, ki shiga adashe da kuɗinki na kanki.

Kuma ki ajiye kwafin kwantiraginsa a gida, ki ɗauki hotonsa a waya, kar ya zama yana hannun eja kaɗai, wato dillalin da ke nema masa kulob. A dokar FIFA, hukumar ƙwallo ta duniya, ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata 2 yana iya rubuta wa kulob takarda ya ba su kwana 15, in ba su biya ba yana da hujjar raba gari da su. Maza da yawa kunya da tsoron a daina sa su a wasa ke hana su magana, in takarda na hannu ko lauya aka je wurinsa akwai abin nunawa.

Yara kuma murya suke so, ba tsaraba kaɗai ba. Ku tsayar da lokaci ɗaya, mu bayan isha’i ne, bidiyo kol ko na minti biyar, ya tambayi babban hadda, ya ji wa aka daka a makaranta. In netiwok ya ƙi ya turo saƙon murya a WhatsApp su ji da safe. Abu ɗaya da nake roƙonki, kar ki mai da shi dodo, kullum “bari Abbanku ya kira in faɗa masa”, sai yaro ya riƙa gudun waya. Ki hukunta da kanki, shi ki bar masa daɗin hira. Ranar da aka ci su kuma kar ki kawo masa maganar gas ya ƙare, bari sai gobe, kuma ki hana yara karanta abin da magoya baya ke rubutawa a Facebook, zagi ne har da iyaye, babban ɗana ya taɓa yin faɗa a makaranta saboda haka.

In ya dawo hutu a gajiye zai zo, kwana biyun farko barci kawai, kar ki ɗauka raini ne. Bayan nan ki sakar masa ragama a hankali, ya kai yara makaranta, ya je cefane da kansa ya ga yadda mudu ya koma.

In kuwa ya ji ciwo, Allah ya kiyaye, ki dage a yi hoto a asibiti kafin a kai shi wurin mai ɗori, don ciwon jijiyar gwiwa ba karaya ba ne, ja da murɗa ƙara lalata shi suke yi. Namu haka aka yi, an ɓata wata biyu ana shafe-shafe kafin a gano jijiya ce ta tsinke, lokacin yana shekara 31. Injin ban ruwan nan da tumaki shida su suka riƙe mu shekarar, yanzu da safe yana gona, da la’asar yana koyar da yaran unguwa a wani fili kusa da mu, autar tana bin sa da gorar ruwa.