Ga masu sayar da dashe: hoton shuka da cire bayansa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga da yawanmu muna tallar dashen mangwaro, gwaiba da fulawa, amma hoton ne ke kashe mana kasuwa: ga bokiti a gefe, ga takalmi, ga akuya a baya.

Kafin ku ɗauka, ku goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke dusashe korensa. Ku ɗauka da safe ko bayan la'asar, a inuwa, ba tare da filashi ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ke bayan shukar. Manhajoji irin su Photoroom da remove.bg suna cire bayan hoto cikin daƙiƙu, amma in kore ya haɗu da kore sai su rikice su cinye ganye. Zogale ya fi shan wannan wahalar saboda ƙananan ganyensa. Ku kafa farin kwali ko farin zani a baya, ku ɗan matso da shukar gaba don kada inuwarta ta faɗa kansa. In ana iska, ku dakata ta lafa.

Bayan an cire, ku adana hoton a nau'in fayil na PNG, domin nau'in JPG ba ya barin bayan hoto wayam babu komai. A WhatsApp kuma ku tura shi a matsayin fayil, kada ya dushe.

Don Allah kada ku ƙara wa ganye launi. Mai saye zai zo ya ga shukar da idonsa. Ni ina barin ledar dashen a hoton ma, don a gane ainihin girman shukar.